Ƙasar Dutse da Ƙasar Haɗeja

A cikin Jihar Jigawa akwai masarautu biyar, watau Dutse da Haɗeja da Gumel da Kazaure da Ringim. Dukansu ƙananan ƙasashe ne in an gwada su da Kano. Mutane sukan yi gardama a kasuwa, ko cikin mota, a kan inda zama ya fi daɗi, musamman tsakanin Dutse da Haɗeja, kowa yana yabon garinsu. Amma yabo ba ya ƙosar da mai jin yunwa. Wanda yake son sanin gaskiya sai ya duba abin da talaka ke ci, da ruwan da yake sha, da lafiyar 'ya'yansa.

Haɗeja tana arewa maso gabas da Dutse. Arzikinta kogi ne. Kogin Haɗeja yakan cika da damina, ya malala cikin fadamu masu faɗi, sa'an nan ya janye ya bar ƙasa mai danshi. Saboda haka manomin fadama ba ya ajiye fartanya in kaka ta wuce. Ya girbe shinkafa, ya shuka alkama da sanyi, ya kuma yi lambun albasa da tattasai. Masunta suna kama tarwaɗa da karfasa, a banɗe su, a kai garuruwa masu nisa. Yaron da ke cin kifi kullum jikinsa yakan yi ƙwari. Har tsuntsaye ma sun san daɗin wurin, gama kowace shekara waɗansu sukan taso tun daga Turai su sauka a dausayin Baturiya.

To, amma kogin nan ba ya ba da kyautarsa a banza. Inda ruwa ya kwanta, nan sauro ke haihuwa, sauro kuwa shi ke kawo zazzaɓi. Yaran da ke wanka cikin kududdufi sukan kamu da tsargiya, watau fitsarin jini. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, tafiyar kogin ta sāke. Ruwa ya riƙa zama cikin magudanai rani da damina, sai wata doguwar ciyawa da ake kira kacala ta samu wurin yaɗo, ta toshe hanyoyin ruwa. In kogi ya kawo, ya rasa ta inda zai bi, sai ya faɗa gonaki da gidaje. Cikin kacalar nan kuma tsuntsayen jan baki ke ɓuya, su fito garke garke su cinye shinkafa tun ba ta nuna ba. A 2022 an yi ambaliya mai tsanani, ƙauyuka da yawa suka tashi, mutane suka kwana a makarantu da bakin hanya, abin da suka noma duk yana ƙarƙashin ruwa.

Dutse kuwa sunanta ya faɗi halinta. Tsohon garin, Garu, yana zaune ne a tsakanin manyan duwatsu. Yawancin manoman ƙasar gero da dawa da gyaɗa da wake suke nomawa, sau ɗaya a shekara, dogararsu ga ruwan sama. Haƙa rijiya a nan aiki ne, gama sau da yawa mai haƙa yakan ci karo da dutse kafin ya tad da ruwa. Da rani samari da yawa sukan tafi cin rani. Kada a zaci dukan ƙasar tudu ce: mutanen Miga da Jahun suna kusa da kogin, ambaliya takan same su kamar yadda take samun na Auyo.

Abin alfaharin Dutse dabino ne. Itace ne mai ban mamaki, akwai namiji akwai mace, kuma macen ba ta yin 'ya'ya na kirki sai manomi ya hau ya ɗaura mata furen namijin. Wanda ya dasa dabino, jikokinsa ma za su ci.

A ran 27 ga Agusta 1991 aka yi Jihar Jigawa, Dutse ta zama babban birninta. Daga nan aka gina ofisoshi da tituna da babban asibiti, a 2011 kuma aka kafa Jami'ar Tarayya. Ƙasar Haɗeja ma tana da jami'ar jiha a Kafin Hausa. Ga mai neman magani ko aikin albashi, birnin Dutse ya fi sauƙi. Ga mai neman abinci da hannunsa, fadamar Haɗeja ta fi albarka, in dai kogi bai yi fushi ba. Sai dai birni dabam, ƙauye dabam. Manomin da ke can ƙauyukan Gwaram, in ɗansa ya kwanta ciwo da dare, babban asibitin Dutse ya yi masa nisa, kusan kamar yadda ya yi wa masuncin Guri.