Ranar Wanka Ba a Ɓoyon Cibi: Wasiƙa ga Samarinmu

'Ya'yana samari,

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata ɗabi'a ce da ta yi muku katutu, wadda kuke kira kunya. Saurayi zai ji zafi wajen fitsari, ko ya ga kumburi a matsematsinsa, amma ya gwammace ya tsaya gaban mai lasifika a tasha, jama'a na kallonsa, ya sayi jarkar maganin basir ko na ƙarin ƙarfi, da ya shiga ɗakin likita a rufo ƙofa. Wannan kunya an ajiye ta inda ba muhallinta ba. Shawarata ita ce kowannenku ya saba kai kansa asibiti a duba shi tun yana ji garau, har da inda wando ke rufewa, kuma ya je da shirin faɗin gaskiya.

Na san amsar farko: lafiyata ƙalau, me zai kai ni? To ai cututtukan da suka fi yi wa maza illa ba sa sallama. Mutum na iya yawo shekaru awon jininsa ya haura 140 bisa 90 ba tare da ko ciwon kai ba, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta gaza. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin kowane 100 na manya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, galibinsu ba su sani ba, alhali ɗigon jini ya isa a gano shi, kuma wanda bai kamu ba akwai allurar rigakafi sau uku. Wanda ya taso yana wanka a kududdufi ko yana aikin noman rani cikin ruwa, ya taɓa ganin jini a ƙarshen fitsarinsa, mai yiwuwa tsargiya ce. 'Yan ƙwayoyi ke kashe ta, amma in aka bar ta tana lalata mafitsara a hankali. Raunin gaba kuwa, wanda kuke ɗora wa basir da sanyi, sau da yawa shi ne ɗan aiken farko na ciwon suga ko toshewar jijiyoyin jini. Wanda ya rufe wannan alama da maganin tasha ya kori ɗan aike ne bai ji saƙon ba. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi cewa wasu daga cikin waɗannan haɗe-haɗe da ake cewa tsirrai ne zalla an zuba musu sinadarin Viagra ba bisa awo ba, abin da ke iya kayar da mai shan wasu magungunan zuciya.

Shirin zuwa ba wani abu ba ne mai wuya. Ka yi wanka da ruwa da sabulu kamar kullum, kada ka shafa wani magani ko hoda a wurin da ke damunka, don za ka ɓoye abin da aka zo gani. Ka sa tufafi mai sauƙin cirewa. Idan za a auna suga na kafin karin kumallo, ka kame baki daga abinci na awa 8, ruwa kaɗai za ka sha. Idan zafin fitsari ko fitar ruwa ya kawo ka, ka riƙe fitsari na awa ɗaya zuwa biyu kafin a karɓi samfuri. Ka zuba duk abin da kake sha a leda ka tafi da shi, na kemis da na gargajiya, har wanda kake jin nauyin nunawa. Ka kuma tambayi mahaifiyarka wane ciwo ne ke bin dangi, domin za a tambaye ka.

Duba gaban kansa 'yan mintoci ne. Likita zai sa safar hannu, ya ce ka miƙe tsaye, ya duba fata ko akwai ƙurji ko gyambo, ya taɓa 'ya'yan maraina ɗaya bayan ɗaya yana neman ƙullutu, sannan ya ɗora yatsa a matsematsi ya ce ka yi tari. Tarin nan shi ke turo hanji ta inda bangon ciki ya yi rauni, ta haka ake gane ƙaba tun ba ta sauko ta zama gwaiwa ba. In jiki ya motsa don taɓawa, wannan aikin jijiya ne, likita ya saba gani, ba zai ko ɗago kai ba.

Sai maganar al'aura, wadda ita ce hujjar masu tsoron Allah daga cikinku, kuma ban raina ta ba. Amma malaman fikihu tun da daɗewa sun halatta buɗe al'aura ga mai magani gwargwadon larura. Abin da addini ya ɗora maka shi ne ka taƙaita: ka nemi likita namiji in akwai, ka ce a ja labule, a buɗe wurin da ake dubawa kawai. Duk wannan haƙƙinka ne, haka ma neman ɗaliban likitanci su fita in ba ka so. Abin mamaki, wanda ke kafa hujja da addini a ƙofar asibiti shi ne dai ke zayyana wa mai magani sirrinsa a tsakiyar kasuwa!

Wasu kuma tonon asiri suke tsoro, musamman wanda ya san ya taka sawun da bai dace ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikatan asibiti riƙe sirrin majinyaci. Likita ba alƙali ba ne kuma ba surukinka ba ne. In ka yi masa ƙarya zai yi gwajin da ba shi ba, ka koma gida da ciwon sanyi ko tunjere ka kai wa 'yar mutane. A Kano ma tun 2024 doka ta ce ba a ɗaura aure sai da takardar gwajin ƙanjamau da ciwon hanta da rukunin jinin sikila. Wanne ya fi, ka san matsayinka kai kaɗai tun yanzu, ko ka ji bayan an kai lefe an buga kati? Batun kuɗi gaskiya ne, gwaji ba kyauta ba ne duka. Sai dai awon jini da suga da fitsari a asibitin gwamnati ba su kai kuɗin tiyata ko wankin ƙoda ba.

Abu ɗaya ba ya jiran ranar awo. Saurayin da ya ji matsanancin ciwo farat ɗaya a maraina, da kumburi ko amai, ya nufi asibiti a take ko da tsakar dare ne, domin in jijiyar ce ta murɗe, bayan kamar awa 6 da wuya a ceto ƙwan. Duba furostet ta dubura da gwajin jini na PSA kuwa ba naku ba ne tukuna; ana fara maganarsu ne daga shekara 45 zuwa 50. Amma in kun lura mahaifinku na tashi fitsari sau da yawa cikin dare, ko yana daɗewa a bayi, mai yiwuwa matsalar furostet ce, ku karɓo masa kati ku raka shi.

Wassalam, daga babanku.