Darasi: Yadda Ake Sāke Launin Koton Roba

'Yan'uwa manoma, da yawa cikin ƙungiyoyinmu suna zaune kusa da ruwa, wasu a bakin Kainji, wasu a Tiga, wasu kuma a bakin Binuwai. Idan an gama girbi mukan koma fatsa domin samun na miya da ɗan kuɗin kashewa. Amma da rani ƙasa takan bushe, tana ta yi wuyar samu. Shi ya sa wasunmu suka fara sayen koton roba, wato roba mai laushi da aka yi da siffar tana ko ƙaramin kifi. Wani Ba'amurke mai suna Nick Creme ne ya fara yin tanar roba a shekara ta 1949.

Mun ga mutane sun kashe kuɗi sun sayi wannan koto, sun wuni ba su kama kome ba, suka ce ƙarya ce. Sau da yawa laifin na launi ne, ko kuwa ba su san kifin da suke nema ba. Bari mu duba al'amarin tare.

1. Wane kifi ne yakan kama koton roba?

Kifin da ke farauta da ido ne, kamar giwan ruwa da tsage da tufi. Tarwaɗa ta fi dogara ga sansana da gashin bakinta, saboda haka a bar mata tana da hanjin kaza. Karfasa kuma ta fi cin tsiron ruwa. Idan tsage muke nema, sai mu sa ɗan waya tsakanin ƙugiya da zare, gama haƙoransa suna yanke zare.

2. Launi a cikin ruwa

Abin da muke gani a hannunmu ba shi kifi yake gani ba. Ruwa yana shanye haske, ja kuwa shi ne yake fara ɓacewa. Ko cikin ruwa garau, idan aka wuce zurfin mita 5 ko kusa da haka, jan koto yakan koma kamar toka ko baƙi. Kore da shuɗi sun fi shi kai ƙasa. Ga abin da za mu riƙe:

a) Ruwa garau da rana: fari ko ruwan azurfa mai duhun baya, kamar kawara.
b) Ruwa mai laka: baƙi ƙirin, domin kifi ya ga inuwarsa, ko kuwa rawaya mai ƙyalli.
c) Asuba da magariba: launi mai duhu.

3. Yadda ake rinin

Ba sai kowa ya sayi launi goma ba. Ƙungiya ta haɗa kuɗi ta sayi farare, ko waɗanda ake ganin haske ta cikinsu. Dalili kuwa shi ne, fari yana karɓar kowane launi, amma baƙi ba ya komawa fari.

Hanya ta fari ita ce da maka, irin mai tawadar da ruwa ba ya wankewa. A wanke koton da sabulu domin maiƙon jikinsa ya fita, a bar shi ya bushe sarai. Sa'an nan a ja baƙin layi daga kai har wutsiya ta wajen baya, a bar cikin fari. A ɗiga baƙi a wurin ido, a sa ɗan ja a maƙogwaro. A ajiye shi a inuwa ya bushe. Da kwana ya yi nisa tawadar takan bazu cikin robar, don haka kada mu rina da yawa a lokaci ɗaya.

Hanya ta biyu ba ta cin ko kwabo. Launin wannan roba yana zuba a kan ɗan'uwansa. Idan muka ƙulle farin koto tare da kore cikin leda ɗaya, bayan 'yan kwanaki farin zai ɗauki kore. Wannan kuma gargaɗi ne: wanda ba ya son launinsa ya ɓaci, ya ajiye kowane launi a ledarsa dabam.

4. Abubuwan da za mu kiyaye

Kada a shafa fentin mai, gama ba ya bushewa a kan wannan roba. Kada hannu mai kananzir ko fetur ya taɓa koto. Akwai wani irin koto mai miƙewa kamar danƙo. Shi ba ya karɓar rini sosai, idan kuma aka haɗa shi da na farko sai su narke. Masu yin koto suna narka robar da zafi wajen digiri 175, amma mu kada mu gwada haka a gida. Hayaƙin yana cutar da huhu, ɗigon ruwa ɗaya kuwa yana sa robar ta fantsama ta ƙone mutum. Koton da ya yage kada a yar da shi cikin ruwa. Ba ya ruɓewa, kifi kuma yakan haɗiye shi ya tsaya masa a ciki.

5. Mu gwada kafin mu saya da yawa

Mutum biyu su tsaya wuri ɗaya, lokaci ɗaya, da launi dabam dabam. Magatakardan ƙungiya ya rubuta ranar, da kamannin ruwan, da launin, da abin da aka kama. Bayan fita goma littafin zai nuna mana abin da ruwanmu yake so. Sai a lokacin za a taɓa kuɗin asusu.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne kifaye masu farauta da ido ne ke cikin ruwanmu?
2. A wane wata ne ruwanmu yake yin garau?
3. Su wa za su yi gwajin, wa kuma zai riƙe littafin?