Kafin Ka Sayi Yuriya, Duba Ganyen Lemonka

Mai lambu a Mai Wurno ko wani ƙauyen bakin Shuɗin Nilu, da ya ga ganyen lemun tsami ya yi ɗorawa, sai ya nufi kasuwar Sinnar ya ɗauko buhun yuriya. Wani sa'in a dace. Sau da yawa kuwa asarar kuɗi ce, ga taki ya yi tsada.

Tsaya ka duba: wane ganye ne ya koɗe? In tsofaffin ne suka yi ɗorawa gaba ɗaya, sabon toho yana da sauran kore, to yunwar naitirojin ce, domin bishiya kan kwashe shi daga tsohon ganye ta kai wa sabo. Nan ne yuriya ke da amfani, tunda kashi 46 cikin ɗari nata naitirojin ne. Raba ta sau biyu ko uku a shekara, ka zuba daidai inda inuwar rassa ta ƙare, ka bi da ruwa nan take.

In kuwa toho ne ya fito fari-fari, jijiyoyinsa na nan kore shar kamar saƙar raga, ajiye buhun. Sinadarin ƙarfe bishiyar ta rasa. Baƙar lakar nan tamu ta Jazira, mai dararrewa da rani, ƙasa ce mai kanwa-kanwa. Ƙarfen yana ciki, amma ta riƙe shi gam, saiwa ba ta iya ja. Ruwan da ke kwana a gindi yana ƙara dagula lamarin, don haka fara da rage ban ruwa, ka bar ƙasa ta sha iska. In bai gyaru ba, nemi takin ƙarfe mai alamar EDDHA, shi ne ke aiki a irin wannan ƙasa.

Rashin zinki ma a toho yake bayyana: ganye ƙanana sirara, cunkushe a bakin reshe, gaɓoɓi gajeru, bishiya ta tsugune. Feshin zinki a kan sabon toho, da sassafe ko da la'asar, ya fi zuba shi a ƙasa.

Abin da ya fi damuna shi ne lambun da aka cika wa yuriya. Daga nesa gwanin sha'awa. Matsa kusa ka ga rassa zalan-zalan masu laushi, huda kaɗan, ƙwari sun yi dafifi a toho, guguwar farkon damina ta zo ta kakkarya su. Mangwaro ya fi kowa nuna wannan: ganye cunkus, 'ya'ya ƙalilan.

Kada kuma a dogara da ambaliya kamar da. Madatsar Rusairis ta 1966 da babbar madatsar Habasha suna tare lakar da kogi ke kawowa. Sai a cike gurbin da kashin shanu da na awaki wanda ya ruɓe sosai, a barbaza shi kewaye da bishiya kowace shekara, a bar tazarar taku ɗaya tsakaninsa da kututture.