Amsar Tambaya: Malamin Turanci Mai Rubutu da Hausa

Wani malamin Turanci daga Roni ya rubuto cewa yana son aji kamar ransa, amma da dare labarai yake rubutawa da Hausa. Abokan aiki na yi masa tsiya wai ya raba hankalinsa biyu, ga jarrabawar NECO ta ƙarato. Ya daina ne?

Malam, kada ka daina. Abubakar Imam yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933, kuma aji bai lalace ba.

Ni abin da ya fi damuna shi ne yadda ka ɓoye wannan son labarai ga ɗalibanka. Ka shigo da shi aji. Nemi Burning Grass na Cyprian Ekwensi, wanda ya fito a 1962, labarin Fulani makiyaya ne. Yaron da ke ganin shanu na ratsa bayan gidansu kowace safiya ba sai an yi masa dogon bayani ba. Karanta musu shafi ɗaya da murya, ka tsaya daidai inda labari ya yi daɗi, ka rufe littafin. Za ka ga har na bencin baya, masu gyangyaɗi, suna roƙon a ci gaba. Sai ka ce kowa ya rubuta ƙarshensa da Turanci, layi biyar.

Amma fa gyaran takardun yara ya riga rubutunka. Gama jan biro tukuna, sannan ka kunna fitila.