ME MUTANE ZA SU CE?

Ɗan'uwa, an yi maka haihuwa, ranar suna ta matso. Ka leƙa rumbu ka ƙidaya dammunan hatsi, ka kuwa san da ƙyar za su kai ka wata kaka. Duk da haka ka fid da goma ka kai kasuwa, ka sayo babban rago da goro. Don me? Domin bara maƙwabcinka ya yanka babba, kai kuwa ba ka so a ce ka gaza. Maroƙa suka zo, suka yi ta kiran sunanka da na kakanka, ranka ya yi fari. Da yamma kowa ya watse.

Sai damina ta faɗi. Hatsin da ka sayar da araha, yanzu kana awonsa tiya tiya da tsada. Ka bar gonarka cikin ciyawa, ka tafi ƙwadago a gonar wani. Cikin waɗanda suka yabe ka, wa ya aiko maka da ƙwaryar hatsi?

Kada ka ɗauka muna hana ka karɓar baƙi. Maganar Allah ma ta umarce mu da haka. Abin tambaya shi ne, domin wa ka yi?

Buɗe Ayyukan Manzanni, ƙarshen sura 4 da farkon sura 5. Barnaba ya sayar da gonarsa, ya kawo kuɗin ga manzanni domin matalauta. Hananiya da matarsa Safiratu su ma suka sayar da tasu. Suka ɓoye wani kashi, suka kawo saura kamar shi ke nan duka. Bitrus ya tuna wa Hananiya cewa gonar tasa ce, kuɗin ma nasa ne, ba wanda ya tilasta masa. Da ya kawo rabi ya ce rabi ne, da ba laifi. Amma suna so a ce da su abin da aka ce da Barnaba, ba tare da sun biya abin da ya biya ba. Dukansu biyu suka faɗi matattu a rana ɗaya, kamar awa uku tsakaninsu.

Ka ga wannan ciwo yana bin mutum har cikin ikilisiya. Akwai mai kawo baikon kaka, kunnensa yana jira a kira sunansa. Akwai mai addu'a da iyalinsa kowace safiya, amma ran da dangi suka zo daga birni, sai Littafi ya koma ƙarƙashin tabarma. Ni mai rubuta wannan, na san nauyin idon dangi. Bitrus kansa ya taɓa faɗawa a Antakiya. Yana cin abinci tare da masu bi waɗanda ba Yahudawa ba, da baƙi suka zo daga Urushalima sai ya janye, har Bulus ya tsauta masa a gaban kowa (Galatiyawa 2).

Ina magani? Neman yabo yunwa ce, faɗa kuwa ba ya kashe yunwa. Zuciyarka tana so wani ya ce ya karɓe ka. To, Allah ya riga ya faɗa. Romawa 5:8 ta nuna Almasihu ya mutu dominka tun kana mai zunubi, ba ka yi komai na yabo ba tukuna. Yahaya 1:12 kuma ta nuna duk wanda ya karɓi Yesu ya zama ɗan Allah. Ɗa ba ya biyan kuɗin tuwo a gidan ubansa. In maigida ya ce kai nasa ne, gunagunin bakin rijiya ba ya fitar da kai daga gida.

Ga abin da za ka gwada a wannan mako. Karanta Matiyu 6:1-4 tare da matarka da 'ya'yanka. Sa'an nan ka auna tiya ɗaya ta hatsi, ka kai wa wata gwauruwa da dare, kada ka gaya wa kowa, ko fasto. Kashegari za ka ji bakinka yana ƙaiƙayi, kana neman hanyar da za ka sako maganar cikin hira. Kame bakinka, ka gaya wa Ubanka cikin addu'a.

In kuma suna ko biki yana gabanku, ku zauna kai da uwargida tun kafin dangi su sa baki. Ku fara ware hatsin da zai kai yara kaka, ku rufe shi, abin da ya rage a yi biki da shi. Za a yi surutu, watakila har innarka ta yi fushi. Gaishe ta da ladabi, ka ba ta goronta, rumbu kuwa ya zauna a rufe.