Gidan Dutse na Hidin Sukur

A bisa duwatsun Mandara, cikin Ƙaramar Hukumar Madagali ta Jihar Adamawa, dab da iyakar Nijeriya da Kamaru, akwai wani tsohon gari mai suna Sukur. Sarkin garin ana ce da shi Hidi, kuma gidansa na cikin gine-ginen tarihi da doka ta kare. A shekarar 1999 Hukumar Ilmi da Kimiyya da Al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, watau UNESCO, ta sa Sukur cikin jerin wuraren gado na duniya. Shi ne wuri na farko a Nijeriya da ya sami wannan matsayi.

Yadda Aka Gina Shi

Yawancin tsofaffin gidajen sarauta na Arewa, kamar Gidan Makama na Kano, da ƙasa aka gina su. Katangun gidan Hidi kuwa dutse ne zalla, ba laka, ba siminti. To, me ke riƙe da su? Nauyin dutsen ne da gwanintar magini. Akan fara jera manyan duwatsu a ƙasa, a yi gindin da faɗi, sa'an nan katanga ta riƙa tsukewa tana hawa. Kowane dutse akan ɗora shi bisa mahaɗar biyun da ke ƙarƙashinsa, don ya danne su. Inda aka sami rata sai a cusa ƙananan duwatsu su tokare manya. Amfanin wannan dabara a fili yake: in ruwan sama ya kwararo daga kan dutse, sai ya tsiyaye ta tsakanin duwatsun ya wuce, ba ya taruwa a bayan katanga balle ya ture ta.

Abubuwan da ke Ciki

Gidan yana bisa tudu, yana kallon unguwannin da ke ƙasa da shi. Wannan ma ishara ce ga girman mai gidan. Katanga ce ta kewaye shi, da ƙofofi waɗanda aka kafa wa dogayen duwatsu a tsaye. A ciki akwai ɗakuna masu da'ira da rufin jinka, da rumbuna, da wurin zaman fada, da kangon sashen da matan Hidi suka zauna a dā. Akwai kuma ɗakin kiwon sa, wanda aka haƙa shi ƙasa aka jere bangonsa da dutse, inda ake turke bijimi a yi ta ciyar da shi har ya yi ƙiba.

Hanyoyin da ke kaiwa gidan an shimfiɗe su da falalen duwatsu, ga gonaki hawa-hawa da aka datse da dutse don kada ruwa ya kwashe ƙasa. Irin wannan aiki sai da hannu da yawa. Arzikin da ya ɗauki nauyinsa daga ƙarfe ya fito, gama mutanen Sukur sun daɗe suna narka tama suna sayar wa maƙwabtansu.

Haɗarin da ke Fuskantarsa

A shekarar 2014 'yan Boko Haram sun kai wa Sukur hari, suka ƙone gidaje, har ɓarnar ta taɓa gidan Hidi. Amma ba wuta kaɗai ke rushe irin wannan gini ba. Saiwar itace takan shiga tsakanin duwatsu ta raba su. Mutum kuma in ya zare dutse ɗaya, ko don murhu ko don tsaraba, ya sassauta dukan waɗanda ke kansa. Haka nan mai neman gyara da siminti, komai kyawun niyyarsa, toshe wa ruwa hanya yake yi.

Aikin Kowane Ɗan Ƙasa

Doka ta 77 ta shekarar 1979 ita ce ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Gine-ginen Tarihi ta Ƙasa. Dokar ta hana rushe ginin da aka kare, ko sake masa kama, ko ɗauke wani sashensa, sai da iznin Hukumar. Saboda haka ana jawo hankalin jama'a ga waɗannan abubuwa:

1. Mai ziyara ya nemi iznin masu gari, ya bi ɗan jagora.
2. Kada a hau katanga, kada a yi rubutu a jikinta, kada a ɗauki ko tsakuwa.
3. Wanda ya ga ana ɓarna, ko ana cinikin kayan tarihi, ya sanar da hakimi ko ofishin Hukumar mafi kusa.

Lalle ne iyaye da malamai su karanta wa yara wannan bayani, su kuma nuna musu tsofaffin gine-ginen da ke garuruwansu.