Wace ce Mati Diop?

Tambaya: Don Allah ina son tarihin Mati Diop. A rediyo na ji an kira ta Bafaranshiya, wani kuma ya ce 'yar Senegal ce. Sannan 'yar wasa ce ko darakta? Daga wata mai karatu a Damagaram.

Amsa: Malama, duk waɗanda kika ji babu wanda ya yi kuskure. A Paris aka haife ta a 1982. Mahaifiyarta Bafaranshiya ce, mahaifinta kuwa Wasis Diop ne, mawaƙin Senegal. Baffanta, Djibril Diop Mambéty, shi ya shirya Touki Bouki a 1973, fim ɗin da har yau ake sa shi a sahun gaba na finafinan Afirka. Kin ga ke nan a gida ta tarar da sana'ar.

Da wasa aka fara saninta. A 2008 darakta Claire Denis ta ɗauke ta a fim ɗin 35 Rhums, ta fito a matsayin 'yar wani direban jirgin ƙasa da matarsa ta rasu, su biyu kawai a gida. Akwai wurin da ba na mantawa. Ta sayo tukunyar lantarki ta dafa shinkafa, sai ga uban ya shigo da tasa da ya sayo mata. Ta yi murmushi, ta ɓoye tata, ba ta ce uffan a kanta ba. Irin wasanta ke nan, magana kaɗan, sauran a fuska.

Amma a ganina wasan ƙofa ce kawai ta bi, hankalinta yana bayan kyamara. Da ta tashi yin babban fim ɗinta na farko, Atlantique, a 2019, Dakar ta koma ta yi shi da harshen Wolof. Labarin wasu samari ne leburorin gini da aka hana albashi wata da watanni, suka shiga kwale-kwale za su Sifaniya, teku ta cinye su. Ba ta bi su cikin ruwan ba, ta tsaya wajen 'yan matan da suka bari. Da dare sai ruhin samarin ya hau kan 'yan matan, idanu su yi fari fat, su taka har falon mai ginin su zauna suna neman kuɗin guminsu. Wanda ya san hawan iska ba sai an yi masa bayani ba. Da wannan fim ta zama baƙar mace ta farko da ta shiga babbar gasar bikin finafinai na Cannes a matsayin darakta, ta kuma ɗauki Grand Prix, kyauta ta biyu a daraja.

Wataƙila abin da kika ji a rediyo labarin fim ɗinta Dahomey ne, wanda ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Berlin a 2024. Ta bi kayan sarauta 26 da sojojin Faransa suka kwashe daga masarautar Dahomey a 1892, aka mayar wa Jamhuriyar Benin a 2021. Ta sa mutum-mutumin Sarki Ghezo yana magana da harshen Fon daga cikin duhun akwati, sannan ta bar ɗaliban Jami'ar Abomey-Calavi suna ta musu a kan ko 26 cikin dubbai abin murna ne ko cin fuska.